Wasiƙa Daga Ingila Kan Kaluluwar Da Ta Ƙi Sauka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka a kan kumburin wuyan ɗanmu ya iso gare ni, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin yadda ka kwatanta shi ya yi kama da yadda nawa ciwon ya fara. Ban taɓa ba ku cikakken labarin ba don gudun tayar da hankalin Inna, amma yanzu ya zama dole.

Sunan cutar limfoma, wato sankarar da ke kama wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda mazauninsu shi ne kaluluwa da saifa da ɓargo. Kaluluwar da muka saba da ita takan taso idan mutum ya ji rauni ko maƙogwaro ya yi ciwo, tana zafi, sannan ta sauka da kanta. Tawa ba ta yi zafi ba ko kaɗan. A saman ƙashin wuyana ta zauna, tana da tauri irin na roba, tana ƙara girma, ga gumin dare da yake sa in tashi in canza riga da zanin gado, ga rama har wandunana suka yi mini yawa.

Kada ka ɗauka komai a nan mai sauƙi ne. Ganin likitan unguwa ma sai mutum ya buga waya da sassafe ya yi ta jira, alhali a gida mai hali yana iya ganin babban likita a yini guda. Amma da zarar an yi zargin sankara, ƙa'idar hukumar lafiya ta Ingila ita ce a sanar da mutum ko yana da ita ko babu cikin kwana 28, kuma tun da mun biya harajin lafiya tare da kuɗin biza, ba a miƙo mini takardar biya ko sau ɗaya ba.

Babban bambancin da na gani shi ne ba su ba ni ko ƙwayar magani ɗaya ba sai da suka san ainihin nau'in cutar. An yi mini ƙaramar tiyata aka ciro kaluluwar ɗungurungum aka kai ɗakin gwaje-gwaje, domin limfoma ta haura iri 60 kuma kowane iri da maganinsa. Akwai wadda ake kira da sunan Thomas Hodgkin, likitan Landan da ya bayyana ta a 1832, sauran kuwa ana haɗa su a rukunin waɗanda ba na Hodgkin ba, kuma tawa tana cikinsu, mai saurin girma. Bayan haka aka yi mini allurar wani ruwan sukari mai alama, aka sa ni cikin na'urar hoto, duk inda cutar take ya haska. Aka kuma gwada ni ciwon hanta, saboda Rituximab, ɗaya daga cikin magungunan limfoma, yana iya tayar da shi idan yana kwance a jiki. Sai aka fara ƙarin ruwan magani duk bayan kwana 21, har sau 6, aka ba ni kati mai lambar waya da ake amsawa dare da rana, da gargaɗin in kira nan take idan zafin jikina ya kai digiri 38. Abin da babu a nan shi ne ɗan jinya. Na sha dawowa daga asibiti in shiga ɗaki shiru, babu mai ce mini sannu, kuma a irin wannan lokacin na san darajar dangin da ke cika ɗakin majinyaci a gida.

Game da yaron, ban ga laifin likitan da ya fara zargin tarin fuka ba, domin shi ma yana kumbura kaluluwar wuya, yana sa gumin dare da rama. Sai dai tun da kumburin yana ƙaruwa duk da magani, ina roƙonka ka nemi a tura ku asibitin koyarwa a ciri nama a gwada. Akwai irin limfoma da ya fi kama yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, yana kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan kwanaki, amma yana jin magani sosai idan an fara da wuri. Kuma kada a ba shi maganin rage kumburi mai suna Prednisolone kafin gwajin, ko da wani ya ba da shawara, domin yana saukar da kumburin na ɗan lokaci ya ɓoye cutar daga idon mai gwaji.

Idan sakamakon ya fito, ka ɗauki hotonsa ka turo mini. Ka gaida Inna, ka shafa mini kan yaron.