Takardun malami ko littattafan yara: wanne ne shaidar an koya?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, shugaban wata firamare a ƙasar Daura, ya kawo tambaya. Jami'an duba makarantu za su zo masa a zangon nan, 'yan SBMC, wato kwamitin iyaye da al'umma mai kula da makaranta, kuma sun dame shi da tambayar ko yara na ƙaruwa. A ofishinsa akwai shirin darasin malamai da dayari da rajistar maki, duk a cike kuma a tsabtace. A azuzuwa kuwa ga littattafan rubutun yara, wasu ba bango, wasu an yage tsakiyarsu. Wanne zai riƙe a matsayin shaidar cewa ana koyo a makarantarsa?

Malam, bari mu ajiye su gefe da gefe, domin kowanne da irin maganar da yake iya faɗa.

Takardun malami, wato tsarin aikin zango da shirin darasi da dayarin da ake rubuta abin da aka koyar kowane mako, suna faɗin niyya ne da iƙirari: ga abin da na shirya, ga abin da na ce na yi. Amfaninsu a fili yake. Da su za ka san ko ana bin manhaja, ko malamin aji huɗu ya tsallake kason lissafi saboda shi ma yana ba shi wuya, ko an kai mako na tara ana kan darasin mako na biyar. Su ne kuma abin da jami'in SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko na ofishin sakataren ilimi zai fara nema, domin wajibi ne makaranta ta ajiye su. Rauninsu shi ne mutum ɗaya zai iya cika su a daren Lahadi ba tare da yaro ko ɗaya ya koyi komai ba. Ana kwafo shirin bara a sauya kwanan wata, ana kwafo na waya, kai kuma a kawo maka na mako shida ka sa hannu a zama ɗaya. Alamar da ke tona wannan mai sauƙi ce: duba tambayoyin auna fahimta da ke ƙarshen shirin, sannan ka neme su a littafin yaro. Idan babu su, to a takarda darasin ya tsaya.

Rajistar maki tana tsakiya. Hannun malami ne ya rubuta, amma a kan yaro take magana. Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka shigo da tsarin gwajin cikin zango, wanda muke kira CA, don kada makomar yaro ta rataya a kan jarrabawar rana ɗaya. Yawancin makarantu suna ba shi maki 30 ko 40 cikin 100. Tunanin mai kyau ne, sai dai lamba ba ta zuwa da hujjarta. In ka ga 16 cikin 20, ba ka san ko gwaji aka yi ba, ko makin cika littafi ne, ko na zuwa makaranta kullum, ko kuwa malam ya ji tausayi. Rajistar da aka cika a zama ɗaya tana da kamanni: biro ɗaya daga sama har ƙasa, lambobi duk tsakanin 13 da 17, babu wanda ya faɗi, har yaron da aka san ya tafi ci-rani tun mako na uku yana da makinsa na gwaji na biyu. Saboda haka duk makin da ba a iya ɗauko takardar da aka same shi a kanta ba, ka ɗauke shi a matsayin jin malami game da yaron. Jin malami yana da daraja, amma ba shi ne ake tambayarka ba.

Littafin yaro ya fi kusa da gaskiya, domin shi ne ya nuna abin da ya iso kan benci. Amma a nan ne shugabanni da yawa ke ruɗuwa. Buɗe littafi mai warƙa 40 ko 60 na ɗan aji biyar, za ka tarar kusan duk abin da ke ciki not ne da aka kwafa daga allo, wani lokaci ma monita ne ya rubuta a allon. Wannan aikin malami ne da aka rubuta da hannun yaro. Yana nuna yaron ya zo aji kuma ya iya kwaikwayon haruffa, shi ke nan. Akwai yaran da rubutunsu kamar na inji, amma ka ce su karanta maka abin da suka rubuta jiya, sai su yi shiru. Aikin gida ma haka: yaya ta yi, ko malamin lesin ya yi, ko an kwafa a gindin bishiya kafin a buga ƙararrawa. In ka ga littattafai bakwai da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, har da goge iri ɗaya, littafi ɗaya ka gani sau bakwai.

Abin da ya cancanci a kira shaida a littafin yaro shi ne aikin da ya yi da kansa a cikin aji, mai kwanan wata, wanda amsarsa ba ta kan allo: shifta, insha'i, lissafin da ya nuna yadda ya bi, amsar auna fahimta da ya faɗa da kalmominsa. Irin wannan aikin ko da kuskure ne ya fi shafi goma na not amfani, domin kuskure yana da dalili.

Ga misali kusa. An ba 'yan aji uku 52 a debe 27. Yarinya ta rubuta 35. Rajista za ta ce sifiri, ta wuce. Wanda ya duba littafin zai ga yadda ta yi: a layin ɗaiɗai ta ga 2 a sama 7 a ƙasa, sai ta cire ƙarami daga babba ta samu 5, a layin gomomi ta cire 2 daga 5 ta samu 3. Ta iya debewa sarai, aro ne ba ta gane ba. In ka ba ta 403 a debe 158, za ta kawo maka 355 maimakon 245, ta wannan hanyar dai. Wani yaron kuma ya rubuta 79, shi tarawa ya yi, bai kula da alamar ba. Wani ya rubuta 26, ya yi aro daidai, ya yi tuntuɓe a ƙidaya. Dukkansu sifiri ɗaya suka samu, amma maganinsu uku ne daban. Ta farko tana bukatar tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, a kwance ɗauri ɗaya a gabanta ta ga inda goman ta fito. Na ƙarshe atisaye kawai yake so. Haka a shiftar Hausa: wanda ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ko "daki" a wurin "ɗaki" ƙugiya ce bai riƙe ba, wanda kuma ke juya b ta koma d matsalarsa daban ce, wanda ya haɗe jimla duka ba tazara shi ma daban. Babu rajistar da za ta gaya maka wannan.

To yaya ake haɗa su? Kada ka ce malami ya kawo maka littattafai, zai kawo na 'yan gaban aji, kuma ba laifinsa ba ne, kowa haka zai yi. Ɗauki rajistar suna ka zaɓi yara tara da kanka: uku daga masu maki sama, uku na tsakiya, uku na ƙasa, maza da mata, ka tabbatar akwai mai zama a bayan aji da mai yawan fashi ranar kasuwa ko lokacin girbi. Zaɓi mako ɗaya da ya wuce, a ce na biyar. Buɗe tsarin zango ka ga me ya kamata a yi, buɗe shirin darasi da dayari ka ga me aka ce an yi, sannan ka buɗe littattafan tara a kwanakin wannan makon. Minti 30 ya isa aji ɗaya a darasi ɗaya.

Abin da za ka tarar ba ya wuce kaɗan. Wani lokaci darasin na cikin shiri da dayari amma babu alamarsa a littafi ko ɗaya, to ba a koyar ba, ko malamin bai shiga aji ba. Wani lokaci yana nan a littattafan duka amma not ne zalla, babu aikin da yaro ya yi, to an rubuta, ba a gwada ba. Wani lokaci akwai aiki kuma an sa jan biro, amma ka ga alamar daidai a kan amsar da ba daidai ba, ko "an gani" kawai a ƙasan shafi, to an duba ba a karanta ba. Akwai kuma wanda ya kamata ka yi hattara da shi: malamar da shirin darasinta layi huɗu ne, dayarinta da giɓi, amma littattafan yaranta cike da aiki da gyara, kuskuren mako na biyar ya ɓace a mako na bakwai. In takarda kaɗai ka bi, ita za ka tuhuma ka yaba wa mai kyan rubutu. Irin wannan a taimaka mata ta cika takardunta, kada a kashe mata gwiwa.

Saura mataki ɗaya, kuma shi ne ke rufe ƙofar ruɗi. Makarantar allo ta riga mu sanin sa. Rubutun da ke kan allo yana nuna inda aka biya wa almajiri, amma malam ba ya yi masa ƙari, ba a kuma wanke allon, sai ya zo ya karanta a gabansa. Yi haka da uku daga cikin yaran tara. Ba yaro gajeren labari na kalma kamar 60 wanda bai taɓa gani ba, ka sa agogon waya minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan ka yi masa tambaya uku a kan labarin. In ya kasa layin farko gaba ɗaya, dakatar da shi cikin lallashi ka koma ga gaɓoɓi da haruffa, ka ga inda ya tsaya. Malaman da suka yi aiki da shirin RANA na koyar da karatun Hausa da lissafi a ƙananan azuzuwa, wanda aka gudanar a Katsina da Zamfara, ba baƙon abu ba ne a wurinsu a saurari yaro shi kaɗai yana karatu. A lissafi kuma ba shi tambaya biyar irin na makon, da lambobi daban. Kada a yi wannan a gaban aji, kada kuma da bulala a hannu, domin yaron da ya tsorata zai manta har abin da ya sani.

Game da kwamitin iyaye, su ƙaruwa suke tambaya, ƙaruwa kuwa ba ta bayyana a aiki ɗaya. Ware fayil ko babban ambulan ga kowane ɗaya daga yaran tara. A mako na 2, da na 6, da na 11, a ba ajin aiki iri ɗaya a kan warƙa: shifta ta jimla biyar, ko "rubuta abin da ka gani a hanyar makaranta", ko lissafi goma. A rubuta kwanan wata, a kuma rubuta ko an taimaka masa. Kada a sa yaro ya sake kwafe na farko don ya yi kyau, munin nasa shi ne amfaninsa. Uban da bai yi boko ba ma, in ka shimfiɗa masa warƙa uku ya ga layi biyu sun zama shida, ya gane ba sai an yi masa bayani ba. A ajiye fayilolin a akwatin ƙarfe ko a kan kanta nesa da bango, saboda gara da yoyon damina. In za a ɗauki hoto a tura wa wani zaure, a rufe sunan yaro.

Malamai za su ce maka duba littafi ba ya yiwuwa, kuma suna da gaskiya rabi. Yara 90, minti biyu kowane littafi, awa uku ke nan a darasi ɗaya. Ba wanda zai yi wannan kullum. Amma littafi 18 a rana minti 36 ne, a kwana biyar an zagaye ajin. Sauran ranakun yara su musanya littattafai su duba wa juna amsoshin lissafi da fensir, malam ya zaga. Gyara ɗaya da yaro zai iya aiki da shi, kamar "sake na uku, ka yi aro", ya fi alamar daidai goma.

Idan dole sai ka zaɓi ɗaya, Malam, aikin yaro za ka riƙe, amma wanda ya yi da kansa a aji, mai kwanan wata. Takardun malami ka riƙe su don gano dalili idan aikin ya nuna matsala, da kuma sauke wajibin ofis. Abin da za mu roƙe ka shi ne kada ka sa a sayo sababbin littattafai a kwafe not cikin mako guda saboda baƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gogaggen jami'i yana gane littafin da aka cika jiya: biro ɗaya, babu datti, babu gyara, kwanakin wata a jere har da ranar hutu. Ranar da suka zo, ajiye musu tsarin zango da shirin darasi da dayari a gefe ɗaya na tebur, littattafan yara tara da fayilolinsu a ɗaya gefen, ka sa 'yar takarda a shafin makon da ka riga ka bincika, ka kuma rubuta a warƙa ɗaya abin da ka gano da abin da kuka shirya yi da malamin ajin kafin mako na gaba.