Triss ko Yennefer: wacce ta dace da Geralt?

A wasan bidiyo na The Witcher 3 na 2015, Geralt, jarumin wasan, na tsakanin mata biyu, kuma in kai mai wasa ka sa ya haɗa su a soyayya, duka za su watsar da shi. Triss mai jan gashi akwai sanyin hali, da ita zai ƙare a masarautar Kovir cikin kwanciyar hankali. Sai dai ta kusance shi ne lokacin da ya manta komai, har da Yennefer, abin da har yau ya tsaya min a rai.

Yennefer kuwa ga zafin kai, ga baƙar magana. Amma ita ta nemi a warware sihirin aljanin da ya ɗaure ta da Geralt, a tsibiran Skellige, don ta tabbatar son na gaskiya ne. Ta riƙi Ciri, yarinyar da Geralt ya raina, tamkar 'yar cikinta. Ni ita nake zaɓa.