Kuɗin tsinken agashe: na maƙwabci ko na lissafinka?

Ƙanenmu na Gadarif, a ƙasar Sudan, ya yi tambaya a zauren nan. Ya haɗa tebur da murhu zai fara agashe, wato tsiren Sudan, to nawa zai sa tsinke? Ya bi kuɗin da masu agashen layinsu ke sayarwa, ko ya zauna ya yi nasa lissafin? Ƙanena, na daɗe a bakin wutar nan, kuma hanyoyin biyu duk na bi su.

Bin farashin maƙwabci shi ne mai sauƙi. Mai saye ya riga ya san kuɗin tsinke, ba zai tsaya ciniki da kai ba, tsofaffin layi kuma ba za su ce ka zo karya musu kasuwa ba. Kada ka raina wannan, domin ranar da gawayinka ya ƙare da tsakar dare, su ne za su ɗebo maka. Sai dai ba ka san abin da ke ƙarƙashin farashin nasa ba. Wataƙila cinya guda yake ɗauka wurin mahaucin da suka shekara goma tare, sai ya sayar ya biya. Maiɗakinsa ke soya gyaɗa ta matse mai, garin ƙulin yajinsa daga gida yake fitowa. Kai kuwa kilo biyu ko uku za ka saya, kuɗi hannu. Kuna sayarwa kuɗi ɗaya, shi yana cin riba, kai kana cin uwar kuɗi ba ka sani ba.

Lissafin kai ya fi wahala, kuma a nan nake so ka natsu. Kilon da ka saya ba shi ne kilon da za ka soke ba. Ka cire jijiya da tantani da kitsen da ya yi yawa, sannan ka sake aunawa. Ka fere naman, ka soke, ka ƙirga. Mu ce kilo ya ba ka tsinke 20. Sai ka ɗora garin ƙuli, kayan yaji, mai, albasa, lemon tsami, gawayi, takarda, kuɗin rakasha (keke mai ƙafa uku) zuwa kasuwa, kuɗin wuri da na hukuma, da ladan yaron da ke maka fifita. Ka sa ladan kanka ma, ba sadaka kake tsayuwa cikin hayaƙi ba. Idan kuma a cikin 20 ɗin nan 17 kake sayarwa, uku su kwana ko su tafi a gyara, to da 17 za ka raba jimillar abin da ka kashe.

Akwai abin da ya taɓa ƙona ni. A 2021, shekarar da tsadar kaya a Sudan ta haura kashi 300 cikin ɗari, na sayi buhun gyaɗa, na yanka farashina a kan abin da na biya. Kullum aljihu cike, ina ganin kasuwa ta yi albarka. Ranar da buhun ya ƙare na koma kasuwa, uwar kuɗi da ribar da na haɗa ba su ɗauko mini wani buhun ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 jine, kuɗin Sudan, bai daina zubewa ba, don haka ka yi lissafi da kuɗin da za ka sayo kayan gobe. Kafin ka hura wuta, ka kira mahauci ka ji yadda nama ya tashi. Idan masu saye da Bankak, manhajar banki ta waya, suke biyanka, mahaucinka kuma tsabar kuɗi yake so, ɗan abin da ake yanka wajen canji shi ma ya shiga littafi.

Raunin wannan hanya ɗaya ne: mai saye bai san littafinka ba. In lissafi ya ce tsinkenka ya ɗara na layi tsada, taku biyar zai yi ya saya a can.

Ni a ganina ka fara da lissafinka, farashin maƙwabci ya zama iyakar da ba za ka tsallake ba. In naka ya faɗo ƙasa da nasa, alhamdulillahi, ka sayar daidai da su ka adana rarar. In ya haura, ina roƙonka kada ka matse naman tsinke a ɓoye, mai cin agashe hannunsa ya san nauyinsa. Gara ku haɗa kuɗi da wani ku ɗauki cinya ku raba, ko ka fito da faranti mai burodi da albasa da dakwa (niƙaƙƙiyar gyaɗa), wanda ba wanda zai auna shi da tsinken wani. Kuma in da hali, ka buɗe a kakar riɗi, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ma'aikatan gona suka cika gari da kuɗi a hannu.

Ka sayo kilo ɗaya ranar Juma'a ka gwada a gida. Ka turo mini yawan tsinken da ya fita da abin da ka kashe, mu zauna mu raba tare.