Suwaitocin Baba da na kai aka mayar rigunan filo

Shekara uku ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, suwaitocinsa na nan cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Inna. Ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a nan Ngaundere ta ƙasar Kamaru, tun zamanin Regifercam, hukumar jirgin ƙasa ta gwamnati, kafin kamfanin Camrail ya karɓa a 1999. Duk wanda ya taɓa jiran jirgin Yaunde da sassafe a watan Janairu ya san sanyin garin nan, don a kan tudu muke, sama da mita 1000. Cikin waɗannan rigunan ya yi ta fita aiki. Ran da na buɗe akwatin na tarar asu ya fara cin hannun guda, sai hankalina ya tashi.

Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wata mai ɗinki a unguwar Baladji, a cikin gidanta take aiki. Na kai mata biyu na Baba, mai ruwan toka mai saƙa kamar kitso da mai ruwan ƙasa mai maɓallai a gaba, na haɗa da wata shuɗiya tawa ta gwanjo. Sefa 2500 kowace ɗaya, ban da cikon.

Tun kafin ta karɓa ta mayar da ni gida. Ta ce, "Ƙanwata, je ki wanke su da ruwan sanyi, ki shimfiɗa a tabarma cikin inuwa. Ulu ba ya son ruwan zafi, tsukewa yake yi, igiya kuma miƙar da shi take." Na ce, "To Adda." A nan na fara yarda da ita.

Na zauna na ga yadda ta yi ta farko. Ba ta taɓa almakashi ba sai da ta zana murabba'i da alli, ta bi zanen da keke layi biyu, sannan ta yanka ta bayan ɗinkin. Saƙa zare ɗaya ne ya sarƙe da kansa, ana yanka shi haka kawai sai ya kama warwarewa. Daga ciki ta yi shafi da farin yadi don kada filon ya yi tumbi. Mai maɓallan kuwa ita ta fi burge ni: ba ta sa mata zif ba, gaban rigar ta bari ya zama bakin, a ɓalle a ciro filon, a mayar a ɓalle. Maɓallan Baba ne, har da ɗayan da Inna ta taɓa sauyawa, wanda launinsa bai zo daidai da sauran ba.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Kwana huɗu ta ce, ya zama goma. Shuɗiyar kuma zif ɗinta ya fito a murɗe, ya yi tudu da kwari, saboda saƙar ta miƙe a ƙarƙashin keke. Ta farke ta sake ba ta karɓi ko dala ba, wannan na yaba mata. Amma bayan wata huɗu shuɗiyar ta yi ƙuraje ko'ina inda ake jingina. Wannan ba laifinta ba ne, zaren roba ne mai araha. In za ki kai, ki zaɓi mai kauri, mai matsattsiyar saƙa.

Ƙurar hunturu tana shige musu sosai, sai an riƙa kakkaɓewa kullum. Shuɗiyar ma daga baya na aika wa yayata a Garwa, ta ce a zafin Afrilu ba mai iya jingina da ita, ta ɗaga sai sanyi ya dawo. Mutanen Garwa da Marwa, ku sa a yi muku bayan da atamfa, ku riƙa juyawa.

Mai ruwan tokar tana kan gadon Inna, ta hana a kai ta falo. Saura guda ɗaya a akwati, mai aljihu a ƙirji inda Baba ke sa carbinsa. Bayan salla zan kai wa Adda, kuma zan roƙe ta ta bar aljihun yadda yake.