Kwas ɗin koyon magana gaban jama'a da na yi a Katsina, ga yadda na gan shi

Tun da na sa hoton satifiket ɗin nan a status mutane ke ta tambayata wai kwas ɗin ya yi ko kuɗi kawai na zubar, to bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Difens ne ya kai ni, wato tsayawa gaban malamai ka kare aikin bincikenka na kammala digiri. Ina ajin ƙarshe a jami'a, kuma ni irin mutanen nan ne da ana miƙo mani makirfo gwiwa za ta fara rawa yawu ya ƙafe. A walimar auren yayana aka ce in yi wa baƙi godiya, "to, to, Allah ya saka da alheri" na yi ta maimaitawa har Kawu ya taso ya amshe abin.

Wurin yana wajen Ƙofar Ƙaura, saman bene, Asabar da Lahadi muka yi, sati huɗu, naira dubu 15 na biya. Ranar farko Malam bai koyar da komai ba, cewa ya yi kowa ya tashi a minti biyu ya kwatanta hanyar gidansu daga Ƙofar Soro, shi kuma yana ɗauka da waya, sannan ya hasko bidiyon a bango kowa na kallo. Wallahi ban san haka nike ba. Hannu cikin aljihu ina kaɗa makullin mashin, ido a silin kamar can na rubuta jawabin, ga "ka gane" da "wato" sau 14 a minti biyun nan. Wata baiwar Allah aka ba aikin ƙirgawa, duk wanda ya ce "am" sai ta jefa tsakuwa cikin gwangwanin madara, ƙwal! aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce daga Toastmasters ya aro dabarar, wata ƙungiya da aka kafa a Amurka a 1924, su ma a zamansu akwai mai ƙirga irin waɗannan kalmomi, gwangwanin ne dai nashi. Maganin kuma wai shiru ne, in kalma ta ɓace maka ka tsaya ka ja numfashi daga ciki ba daga ƙirji ba, kai ne kake jin shirun ya yi tsawo, masu sauraro ko lura ba su yi. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Ya kuma hana mu hadda, wai ka riƙe maganganu uku a 'yar takarda ya isa, masu jawabi a TED ma, wani shahararren taron jawabai na duniya, minti 18 ake ba su.

Inda suka gaza, satin PowerPoint, manhajar da ake haska shafukan jawabi (silaid) da ita a bango, asara ne. NEPA ta ɗauke, janareto ba mai, muka zauna cikin zufa ana kwatanta mana silaid da baki. Takardun da suka raba duk Turanci ne alhali kusan rabin ajin da Hausa za su yi magana, akwai malamar Islamiyya, akwai wani Alhaji mai shago a Babbar Kasuwa da ke son iya jawabi a taron ƙungiyarsu, shi kam tun sati na biyu bai dawo ba. Ga mu mun haura 20, sau ɗaya kake samun tashi a rana, wani lokaci ma a ce sai gobe. Da za su raba ajin biyu da na ce kowa ya je ido rufe, yanzu dai ka tambayi yawan ɗalibai kafin ka tura kuɗi.

Difens ya wuce lafiya, har an yi mani tambayar da ban shirya mata ba na tsaya na numfasa na amsa, ƙafa dai ta ɗan yi rawarta a bayan tebur. Yanzu na samu gwangwanina a gida, ƙanwata ke riƙe shi, kuma muguwa ce, ko tari na yi sai ta jefa.