Shagon buga takardu da ya ceci furojet ɗina a Birnin Kebbi

Wallahi da ban rubuta wanga ba da na ci amana. Ina karatun zanen yadi ne, furojet ɗina na ƙarshe kan saƙar homa da siffar gora na masuntan Argungu, yadda za a maida su zane kan atamfa da rinin shuni. Na yi sati biyu ina zarya tsakanin bakin kogin Matan Fada da gidan tarihi na Kanta, gidan da Yakubu Nabame ya gina aka maida shi gidan tarihi a 1958, hotuna sun cika waya, amma da munka koma makaranta sashenmu babu firinta mai kala, babu kyamara, malamin da ke duba ni ma cewa ya yi zanen ba bincike ba ne in je in cika babi biyar. Abin ya yi min ciwo, don tun 1958 masu zane su Uche Okeke da Yusuf Grillo a Zariya sunka nuna a koma ga kayan gida a yi nazari shi ne tushen aikin.

To rashin firinta ya kai ni shagon nan. Ƙarami ne, benci ɗaya sai fanka, amma mai shi ya san aiki. Bugun farko shunin nawa ya fito kamar ruwan zobo da aka sirka, na ce Malam mi ya faru? Sai ya ce ƙanena zauna, ya nuna min cewa allon waya da haske yake haɗa kala uku, firinta kuma tawada huɗu take sha, dole sai an gyara kafin a buga. Ya ɗauko ƙyallen da na rina ya aza gefen takarda bakin ƙofa cikin rana, ya gwada har sau uku sannan ya yarda. Kuma ya hana ni turo hoto ta WhatsApp kai tsaye, wai yana matse shi zaren homa ya ɓace, sai dai a turo a matsayin fayil. Shekara huɗu ina aji ba wanda ya taɓa gaya min haka.

Bandin ɗinsu, wato haɗa shafuka da bango, ma da kyau, shafukan A3 naɗe su sunka yi ba su yanke min zane ba.

Inda suke da gyara, kuɗin kala ya yi nauyi ga ɗalibi, in an ɗauke wuta an tada janareta kuma sai a ƙara, kuma lokacin da kowa ke kai furojet sai ka wuni nan. Duk da haka ina ba su taurari huɗu cikin biyar. In za ka je ka tafi da safe, ka riƙe ƙyallenka na asali a hannu.