Shebur ɗin Panteka a bakin dogo

A hunturun 1947, da dusar ƙanƙara ta binne layin dogo a Ingila, har injin jirgin sama aka ɗora kan tarago don ya hure ta. Bai biya buƙata ba, tsakuwar layin ya riƙa watsarwa. Shebur dai aka komawa.

Mu a Kaduna laka da yashi damina ke tarawa, musamman a wurin sauya layi da magudanan gefe. Shebur ɗin da maƙeran kasuwar Panteka ke bugawa ya dace da aikin, in ka iya zaɓe. Nemi faranti mai kaurin milimita 2, mai faffaɗan baki. Mai tsini na haƙa ne, ba ya kwasa. Raunin shebur ɗin Panteka a wuya yake. Wasu maƙeran ɗigon walda uku kawai suke yi, nauyin jiƙaƙƙiyar laka ya ɓalle shi. Juya bayansa ka duba, waldar ta zagaye bututun da ƙota ke shiga gaba ɗaya. Ƙotar kuma busasshiya, don ɗanya tana tsukewa da rani, kan ya kama girgiɗi. A kafe ta da ƙusa biyu, ba ɗaya ba.

Kada a kwashi tsakuwar layi da shi, yana haɗowa da ƙasa, ruwa ya daina tsanewa. Wannan aikin na shebur mai yatsu ne.